TAKARDAR DA AUTA TA SA WA HANNU

Shafi na 31

Na ji ƙorafinku, wai shafin jiya ko loma biyu bai kai ba. Wadda ta rantse za ta fice daga guruf in ban ƙara yawa ba, ina ganinki, har yanzu kina nan. Shafin yau kyauta ne ga duk wanda ya taɓa riƙe takarda yana gyaɗa kai, alhali Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta.

* * *

Sau uku Auta tana farke wuyan riga ɗaya da safen nan. Ba laifin zare ba ne, ba kuma na keke ba. Kwana goma sha biyu ke nan hannunta yana shago, hankalinta yana wani wuri.

Abin da ta aikata ta san shi sarai. Abin da ta sa wa hannu ne ba ta sani ba.

Shekara uku ke nan tana shugabantar ƙungiyarsu ta manya masu larurar da likitoci ke kira disleksiya, su kuwa a tsakaninsu rawar haruffa suke ce mata. Mutum da hankalinsa, da basirarsa, da sana'arsa a hannu, amma da ya ɗora ido a kan rubutu sai haruffa su fara musayar wuri, layin sama ya gangaro kan na ƙasa. Sun haura ɗari uku, daga masu walda har ungozomomi, kuma abu ɗaya suke nema a wurin hukumar da ke ba da takardar shaidar sana'a: a bar irinsu su yi jarrabawa da baki. A tambaye su su amsa, a ba su aiki su yi a gani.

Dokokinsu biyu ne kacal. A guruf ɗinsu na waya ba a rubutu, sai saƙon murya. Sannan ba mai sa hannu a takarda da sunan ƙungiya sai Malama ta karanta ta da ƙarfi, an naɗa, an tura wa kowa. Malamar nan tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma yayar Auta ce ciki ɗaya. Wa ya kafa dokar? Auta, da bakinta, har da buga tebur.

Inuwa ta tare hasken ƙofa. Ta ɗago.

Injiniya ne, da kayan aiki a jikinsa, jakar filaya da sukundireba a kafaɗa. Ba sallama, ba gaisuwa.

"A'a, Injiniya? Yau ba aiki? Shigo mana, ka tsaya min a ƙofa kamar mai kawo sammaci."

"Daga hukuma nake, Shugaba."

Ta cire ƙafa daga kan keke.

Injiniya ba injiniyan takarda ba ne. Mai aikin wutar lantarki ne, mutanen unguwa suka laƙaba masa sunan don babu wayar da ke gagararsa. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Sau huɗu yana zaman jarrabawar rubutu, sau huɗu yana faɗuwa, kuma a ƙa'idar hukuma daga ta biyar babu ƙari. Kamfanin da yake wa aiki sun ba shi zuwa ƙarshen shekara, ko ya kawo takardar shaida ko ya ajiye musu kayansu. 'Ya'yansa biyar.

"Na je yin rajistar jarrabawar baki," in ji shi. "Tunda kin ce mana an amince."

"Eh... to, ya aka yi?"

"Matar da ke kan teburin ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce babu wani abu wai shi jarrabawar baki. Na ce akwai, shugabarmu ta sa hannu. Ta ce ƙwarai kuwa ta sa, ai shugabar taku ce ta ce kun fasa."

"Mun fasa?"

"Haka ta ce. Har kwafe ta ba ni, wai in je in karanta." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "In karanta."

Ya ture almakashi da alli gefe, ya shimfiɗa takardar a kan teburin yanka.

"Ko kwana zan yi a kanta ba zan san me ta ce ba. Amma wannan na san shi."

Ya ɗora yatsa a ƙasan shafi na biyu. Sa hannunta ne. Kowa a ƙungiya ya san shi, don Auta ba rubuta sunanta take yi ba, zana shi take yi: doguwar allura da zare ya naɗe ta sau biyu. Wata uku ta yi tana koyon zanen a bayan kwalin yadi tun tana budurwa.

"Naki ne?"

"Nawa ne."

"To me kika sa wa hannu?"

Ta kalli takardar, haruffan suka yi abin da suka saba yi mata, ta kawar da kai.

"Bari in kira Yaya," ta ce a ƙarshe.

"Na riga ki. Direba ya tafi ɗauko ta."

Ta tura masa kujera, ya ƙi zama. Ta koma kan keke, ƙafarta ta ƙi taka shi. Ba abin da ke yi mata amsa-kuwwa a kunne sai muryarta ta ranar, da ta fito daga ofishin hukuma ta danna waya tun tana kan matakala: "Jama'a, albishirinku! Malama ta karanta, na sa hannu, mun samu!" Da wani ya tambayi ina naɗin karatun, ta ce wayar ce ta yi gardama, murna kuwa ta hana kowa bin diddigi. A ranar Injiniya, ƙato da furfura a gemu, ya turo saƙo yana kuka wiwi yana sa mata albarka. Sau ɗaya ta saurara, ba ta sake iya buɗe shi ba.

Yaya ma tana cikin guruf ɗin. Ta ji ƙaryar da aka jingina mata, ba ta ce uffan ba. Auta ta ɗauka rufin asiri ne irin na 'yar'uwa, shi ya sa ta ɗauke ƙafa daga gidan, don ba ta da idon haɗawa da ita.

Mota ta tsaya a waje.

"Ga Malama na kawo lafiya lau, ko ƙwarzane babu," in ji Direba yana shigowa. Shi ne mataimakin shugaba, mutumin da ko a layin asibiti sai ya nemo abin ba mutane dariya. Ya kalli fuskokinsu, ya haɗiye sauran zancen.

Yaya ta biyo bayansa da tabarau rataye a wuya. Shekarunta sittin da biyu, Auta arba'in da shida, amma har gobe in ta shigo wuri sai Auta ta gyara zama.

"Lafiya dai, Auta?"

"Malama, karatu za a taimaka mana da shi." Injiniya ya miƙa mata takardar da hannu biyu. "Direba, naɗa."

"Ku dakata da naɗin tukuna," Auta ta ce da sauri.

"Doka ce, Shugaba. Taki ce ma."

Direba ya danna waya, ya ajiye ta a kan tebur.

Yaya ta sa tabarau. Ta ɗan jima tana gyara shi kafin ta fara, da muryar nan tata ta aji, kalma bayan kalma.

"Mu, ƙungiyar manya masu larurar karatu, bayan tattaunawa da hukuma, mun gamsu cewa ƙarin minti ashirin a lokacin jarrabawa, tare da buga tambayoyi da manyan haruffa, ya wadatar da mambobinmu. Don haka mun janye buƙatarmu ta yin jarrabawa da baki. Mun kuma amince ba za a sake tayar da maganar ba sai bayan shekara biyar."

Yaya ta sauke takardar.

"Shekara nawa?" Injiniya ya tambaya.

"Biyar."

"Manyan haruffa," Direba ya ce a hankali. "Wato da ƙanana ke yi mana rawa, yanzu an ɗauko mana iyayensu."

Ba wanda ya yi dariya, har shi mai maganar.

Injiniya ya juya wajen Yaya. "Malama, ki gafarce ni, ke uwa ce a wurinmu. Amma wannan kika karanta mata, kika bar ta ta sa hannu?"

Yaya ba ta kalle shi ba. Ƙanwarta ta kalla.

"Auta. Ni na karanta miki takardar nan?"

"A'a."

"Da ni kika je?"

"A'a, Yaya. Ni kaɗai na je."

Direba ya dafe kai. "Innalillahi! Shugaba! Ke da kika kusa korar mai walda daga ƙungiya don ya sa hannu a takardar aron ɗakin taro?"

"To wa ya karanta miki?" in ji Injiniya.

"Babu."

"Babu kamar yaya?"

"Babu wanda ya karanta min. Ni ma ban karanta ba."

"Don me?"

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi mata tsawa da ta fi samun sauƙi.

"Kun tuna zaman da muka yi da Sakataren hukuma watan jiya?" ta ce. "Ni ke magana, Yaya yake kallo. Na yi tambaya, ita ya ba amsa. Da za mu tashi ya ce, 'Malama, sai ki yi musu bayani in kun koma.' Ina zaune a gabansa fa. Ni na bi shago-shago, gareji-gareji, ina nemo ku ɗaya-ɗaya, amma a ɗakin nan kamar jakar Yaya nake, an ajiye ni a kan kujera."

Ta ci gaba.

"Da suka kira ni ranar, sai na ce yau ɗaya dai bari in shiga a matsayin shugaba. Niyyata in karɓo takardar in kawo a karanta. Wallahi niyyata ke nan."

"Me ya hana?"

"Mutum huɗu ne a ɗakin. Ya tashi tsaye ya tarbe ni, ya ce an duba kukanmu, an samar mana sauƙi. Ni kuma na ji abin da nake son ji. Sannan ya ce, 'Ranki ya daɗe, ke kam in ba faɗa aka yi ba, ba mai cewa kina da wannan matsalar.' Ya miƙo min takarda da biro a tare."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Shekara arba'in ana ce min daƙiƙiya, Injiniya. Rana ɗaya mai babban tebur ya ce ban yi kama da su ba. Sai na kasa buɗe baki in ce ai ni ma cikinsu nake."

"Sai kika yi me?"

Ta karɓi takardar daga hannun Yaya.

"Sai na yi haka."

Ta gyara zama. Ta ɗora yatsa a layin farko ta fara binsa a hankali, leɓɓanta suna motsi. A tsakiyar shafi ta ɗan tsuke fuska, ta koma baya layi biyu irin na mai tantance wata magana, ta ce, "Uhm." Ta juya shafi, ta bi shi har ƙasa, ta sake leƙa na farkon, ta gyaɗa kai sau biyu.

"Sannan na ce masa, 'To, ba laifi.' Na sa hannu."

Direba ya sauke ajiyar zuciya. "Wallahi da ban san ki ba sai in ce lauya ce. Ni iyakacina in ce na manto tabarau a mota."

"Duk mun iya," in ji Injiniya. "Babu ɗayanmu da bai iya ba. Ai don shi muka kafa dokar."

"Na sani."

"Amma naki ya fi na kowa," Direba ya ce. "A ina kika ƙware haka?"

"A gida. Ina shekara tara. In na bi layi da yatsa ina motsa baki, Yaya kan ɗauka ina ƙoƙari, sai ta ajiye rula."

Yaya ta cire tabarau ta shiga goge shi da bakin mayafi. Ta goge, ta duba, ta sake gogewa.

Kaico. Da a ce ana mayar wa mutum da lokaci, Auta ba za ta nemi ƙuruciyarta ba, ba za ta nemi makarantar da ta bari a aji huɗu ba. Ɗan taƙin nan kawai za ta nema, tsakanin miƙo biro da karɓarsa. Magana ɗaya tak ake so ta faɗa, a ba ni in kai a karanta min, kuma ita ce ta koya wa mutum ɗari uku faɗarta ba tare da sunkuyar da kai ba. Nadama ta cika mata ƙirji.

"Na gaya wa maigidana a kamfani an gama," in ji Injiniya. "Na gaya wa matata. Ta ce in daina duba aikin gadi da nake nema a ɓoye. Shekara biyar, Shugaba. Ni wata huɗu gare ni."

"Ka yafe min, don Allah."

"Yafiya ba ta da wuya. Takardar fa?"

Direba ya gyara murya. "Yaushe hukumar za ta zauna a kanta?"

"Matar ta ce jibi. Daga nan ta zama ƙa'ida."

"To ku bi a sannu," Yaya ta ce, ba ta ɗago ba. "Minti ashirin ma ai ba a tashi a banza ba. Ku karɓa, nan gaba a sake nema. In kuka je da zafin kai, wannan ɗin ma sai ya kuɓuce."

"Malama," in ji Injiniya, "ko wuni guda aka ƙara min, fara fat zan miƙa musu takardar. Ni ba lokaci ne ya gaza min ba. A kai ni gidan da wuta ta lalace, a tsaya a kaina, in ban gano wayar da ta ƙone cikin minti biyar ba a karɓe filayata."

Auta ta miƙe tsaye.

"Direba, kana naɗa?"

"Ban tsayar ba."

"Tura musu duka. Kar ka yanke ko tari."

"Shugaba, za su cinye ki ɗanya."

"Tura. Sannan ka miƙo min wayar."

Ta kai ta baki da hannu biyu.

"Jama'a, ni ce. Abin da kuka ji gaskiya ne. Na karya doka, na yi muku ƙarya, na kuma jingina wa Malama abin da ba ta yi ba. Hukuncina yana hannunku, amma ku bari sai mun ceto maganar tukuna. Duk wanda zai iya ajiye aikinsa na awa biyu, mu haɗu a ƙofar hukuma ƙarfe ɗaya. Ku zo da kayan aikinku a jiki, su ga ko da su wa suke magana."

Yaya ta ɗauki jakarta. "Ni ku sauke ni a gida. Kaina ke sarawa."

"A'a, Yaya. Ai kuskuren da na yi ke nan, tafiya ba ke. Yau ko takardar alewa aka miƙo min sai kin karanta."

* * *

A mota wayar Direba ba ta huta ba. Ya kai hannu zai kashe ta, Auta ta ce ya bari, ita ta jawo.

Wani ya ce Allah ya isa. Wata ta yi ta kuka ba a gane me take cewa. Sai muryar mai walda, wanda ta kusa kora, ta fito a natse.

"Shugaba, da ni aka miƙa wa biron nan a gaban mutum huɗu, wataƙila ni ma in sa hannu. Wannan ba zan zarge ki ba. Amma kwana goma sha biyu kina jin muna murna?"

Wannan ta fi zagin zafi.

Ta juya wajen Yaya, wadda tun da aka tashi take kallon taga. Ta kamo hannunta.

"Ki yafe min, Yaya. Na ɓata miki suna a banza, kika kuma rufa min asiri."

"Bar maganar nan, Auta."

"Ba zan bari ba. Ban kyauta miki ba."

"Na ce ki bar ta."

* * *

Ba ta zaci ko mutum goma za su zo ba. Sun fi sittin. Masu walda da tabon wuta a riga, kafintoci da fensir a kunne, mata biyu da fararen kayan asibiti. Ba wanda ya yi mata sannu da zuwa. Wata mai gyaran gashi da ta saba rungume ta ta kawar da kai.

"Don jarrabawar muka zo, ba don ke ba."

"Hakan ma na gode," in ji Auta.

Suka cika barandar bene, suka jeru a gefen allon sanarwa mai takardu sun fi talatin, wanda ba ɗayansu da ya ko kalla. Su huɗu suka shiga ofishin Sakatare: Auta, Yaya, Injiniya da Direba. Auta ta bar ƙofar a ɗan buɗe da gangan.

Ku daina zagin Sakataren nan a wurin sharhi, ba mugun mutum ba ne. Irin mutanen nan ne da ke ganin in fayil ya rufu, matsala ta ƙare.

"A'a, ranki ya daɗe! Malama, barka da rana. Wannan taro haka, lafiya?"

"Na zo janye sa hannuna," in ji Auta.

"Subhanallahi. Wani abu ne bai yi miki ba a ciki?"

"Ban san abin da ke ciki ba sai yau da safe."

Ya yi murmushin wanda bai gane ba. "Ai a gabana kika karanta. Har komawa baya kika yi kika sake dubawa."

A cikin 'yan ƙungiya ta faɗi maganar nan ya fi sau ɗari, amma a ofis, a gaban mai tebur da tarin fayil, ba ta taɓa ba. Ta dafa bayan kujera.

"Ban karanta ba, yallaɓai. Yatsa kawai na bi da shi. Ban iya karanta takarda irin wannan ba, ko mako za a ba ni. Ka yabe ni a gaban mutane, kunya ta hana ni faɗa."

Hayaniyar baranda ta ɗauke ɗif.

Sakatare ya zauna a hankali. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Wallahi ban sani ba. Da na sani da ban..." Ya gyara zama. "To. A ƙa'idarmu, wanda ya sa hannu bai san abin da ke ciki ba, kuma babu wani shaida da ya karanta a madadinsa, yana da damar janyewa kafin hukuma ta zauna."

Injiniya ya matso taku ɗaya. Karon farko tun safe Auta ta ja numfashi ya kai mata ciki.

"Alhamdulillahi!" in ji Direba. "To a kawo ta janyewar, ga mai karatunmu nan a zaune."

"Sai dai taku akwai shaida."

"Wace shaida?" Auta ta ce. "Ni kaɗai na zo."

Ya tashi ya buɗe kabad, ya zaro wani koren fayil.

"Kwafen da ake ba jama'a ba ya haɗawa da shafin ƙarshe."

Ya buɗe, ya juyo mata da shi.

Ba ta buƙaci kowa ya karanta mata ba. Wannan dogon sa hannun mai layi a ƙarƙashi, shi ne a katinta na asibiti, shi ne a takardar shagonta, shi ne a duk inda aka taɓa cewa ta kawo wanda zai tsaya mata.

"Tun zaman farko kuka gaya min ba kwa yin komai sai Malama ta gani," in ji Sakatare, yana kallon wannan yana kallon waccan. "Shi ya sa na fara aika mata har gida, kwana biyu kafin in kira ki. Ta karanta, ta sa hannu, ta ce ya ishe ku. Ni na ɗauka da saninki kika zo."



Auta ta juya a hankali. Tun safe take wanke matar nan a kunnen mutum ɗari uku, ta tattara laifin duka ta aza a kanta, har roƙon gafararta ta yi a mota.

"Yaya?"

Yaya ta sunkuyar da kai.

"Yaya, ki ce min ba hannunki ba ne. In kika ce, wallahi zan yarda. Tunda nake, duk abin da kika ce takarda ta ce, shi nake yarda da shi."

Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabaran Yaya.

"A gaban manyan mutane za a yi jarrabawar bakin nan, Auta. Na ji tsoron a ba ku, ku je ku faɗi a bainar jama'a, a ce da ma can..." Ta haɗiye sauran. "Na ga kamar ba za ku iya ba ne."

Can ƙasa ta faɗa, iya na cikin ɗakin suka ji.

Injiniya ya sauke jakarsa daga kafaɗa, ya ajiye ta a ƙasa. Ya taka zuwa ƙofa, ya buɗe ta har ta bugi bango. Fuskoki sittin suka juyo a tare.

"Malama," ya ce. "Fito ki maimaita. Waɗanda kika ce ba za su iya ba, ga su nan, ba su ji ba."